Wata Takwas Ina Taka Behringer DR600 a Jos: Ribab na Mai Ƙaramin Ƙarfi

A wani biki da muka yi wasa a Bukuru, cikin tsakiyar hunturu, na ƙudurta cewa sai na mallaki fedal ɗin ribab, wato ɗan akwatin da mai jita ke takawa da ƙafa don ya gyara sauti, ko da bashi zan ci. A fili aka kafa rumfuna, babu bango ko ɗaya kusa da mu, iska tana kwasar sauti tana gaba da shi. Duk tsirkiyar da na taɓa sai ta ce tak ta mutu nan take, kamar an jefa tsakuwa cikin yashi. Mai ganga yana jin daɗinsa, mai fiyano yana da nasa gyaran a cikin na'urarsa, ni kaɗai jitata ta fito tsirara. Na yi wa mai kula da sauti alama, ya ƙara mini eko daga mikisa, irin wanda ake sa wa mawaƙi. Abin ya ƙara lalacewa, don kowane bugu sai ya dawo sau uku ya hau kan na bayansa. A ranar na koma gida raina a ɓace, alhali masu biki sun biya mu cif, har da ƙarin abinci.

Mu nan eko muke ce wa komai, amma abu biyu ne daban, kuma wanda bai raba su ba zai sayi abin da ba shi yake nema ba. Duk wanda ya taso a Jos ya san su tun yana yaro. In ka hau duwatsu wajen Shere ka ƙwala kira, muryarka za ta je ta dawo maka a sarari, kalma da kalma. Wannan amsa-kuwwa ce, ita ce masu jita ke kira dile. In kuwa ka shiga sabon gini da ba a sa kaya ba, ko ka leƙa kanka cikin tankin ruwa da babu komai ka yi magana, muryar ba ta dawowa a rarrabe, sai dai ta yi wutsiya, ta cika wurin, ta dusashe a hankali. Wannan shi ne ribab. Sauti ne yake bugun bango da rufi da daɓe sau ba adadi, yana dawowa kusa da kusa har kunne ya kasa raba shi. Abin da fedal yake yi shi ne ya ara maka wancan ɗakin a inda babu ɗaki.

Amfilifayata ƙarama ce, ta hannu na saye ta shekarun baya, kuma ba ta zo da ribab ba. Da ta zo da shi, da wannan dogon zancen bai taso ba. Ni malamin firamare ne, kiɗa na ƙarshen mako ne, saboda haka duk abin da zan saya sai na auna shi da kuɗin haya da na makarantar yara.

Da na fara bincike sai na ga kasuwar hawa-hawa ce. Can sama akwai irin su Strymon BigSky, wanda kuɗinsa a Amurka ya haura dala 400. Wannan ban ma tsaya kallonsa ba. A tsakiya akwai Boss RV-6 da Hall of Fame na TC Electronic da Holy Grail na Electro-Harmonix, kowannensu sama da dala 100. Kafin 2023 mutum irina zai iya daurewa ya tara kuɗin ɗayansu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a tsakiyar wannan shekarar, har dala ta wuce naira 1,500 a 2024, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Dala 150 ta zama kuɗin da sai ka zauna da uwargida an yi shawara. Sai hawa na ƙasa, inda ake samun Behringer da Mooer da Joyo da Donner da tarin waɗansu, yawancinsu ƙasa da dala 50 ko kusa da haka. Daidai ruwa daidai tsaki, a nan na tsaya.

Sayena na farko asara ne, kuma zan faɗe shi don kada wani ya bi sahuna. Wani mai talla a intanet na gani da wani ɗan ƙaramin fedal, bai fi akwatin ashana biyu ba, mai kyan fenti. Ba zan kama sunansa ba. Na tura kuɗi, aka sako shi a mota daga Legas, na je tasha na karɓa. Tun ranar farko in na taka shi sai wani sssss ya taso a bayan sauti kamar ana soya ƙosai a ɗaki na gaba. A cikin hayaniyar biki ba a ji sosai, amma da an zo waƙa mai sanyi sai ya fito fili. Sati biyar ya yi ya daina kawo wuta. Mai tallar ya daina ɗaukar wayata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don yawan kuɗin ba, sai don daga kuɗin da na ware wa ɗinkin sallar yara na cira. Daga baya na gane cewa ina da nawa laifin a mutuwarsa, zan zo kan wannan.

Na biyun ban yarda na saya a makance ba. Na rataya jitata na shiga gari, na bi shagunan kayan kiɗa da ke tsakanin Terminus da titin Ahmadu Bello. Yawancinsu fiyano da ganguna da lasifika suka cika su, don coci-coci ne manyan masu saye. Fedal kuwa sai an duba ƙasan kanta. A shago na huɗu na tarar da Behringer DR600 guda biyu a kwalinsu.

Na ce wa mai shagon, "Oga, in ba za ka damu ba ina so in gwada kafin mu yi ciniki."

Ya dube ni ya dubi jitar ya ce, "Malam, ai wanda ya zo da jitarsa ba wasa ya kawo shi ba. Zauna."

Ya ba ni kujera, ya jona mini amfilifaya, ya sa yaronsa ya kashe waƙar da suke kunnawa a ƙofar shago. Na yi kusan minti arba'in ina murɗe-murɗe bai ce mini uffan ba. Da na tambaye shi in ya lalace fa, ya ce in dai ba ni na ƙona shi da wuta ba, in dawo da shi cikin sati biyu ya canja mini da ɗayan, ya kuma rubuta haka a bayan rasit. Kuɗin ya ɗara abin da na gani a intanet kaɗan. Na biya ban yi dogon ciniki ba, don wannan minti arba'in ɗin da rubutun bayan rasit su ma kaya ne, kuma ba kyauta ba ne.

Fedal ɗin yana da maɓallan murɗawa huɗu. Ɗaya na zaɓen irin ribab, ɗaya na tsawon wutsiyar, ɗaya na haske ko duhun sautin, ɗaya kuma na yawan abin da za a gauraya da ainihin sautin jita. Iri shida ne a jikinsa: Spring, Plate, Hall, Gate, Room da Modulate. Wanda ya san Boss RV-5, wanda ya fito a 2002, zai ga irin waɗannan shidan ne a jikinsa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tsarinsa aka bi. Yana da ramin shiga biyu da na fita biyu ga mai son raba sauti zuwa amfilifaya biyu. Ni ɗaya nake da ita, ban taɓa amfani da wannan ba.

Sunayen nan ba ado ba ne, kowanne da asalinsa. Kafin zuwan na'ura mai lissafi, har da ƙarfe ake yin ribab. Kamfanin Hammond mai yin ogan, kayan kiɗan coci mai kama da fiyano, shi ya fara tura sauti ta cikin sifirin, wato Spring, irin mai lanƙwasa ɗin nan, yana girgiza ana ɗaukar girgizar a ɗaya ƙarshen. Fender ya ɗauki dabarar ya fitar da akwatin ribab nasa a 1961, daga nan ta shiga cikin amfilifayoyi. Faranti kuwa, wato Plate, daga Jamus ya fito a 1957, wata na'ura mai suna EMT 140, faifan ƙarfe ne babba da aka rataye a cikin akwati, nauyinta ya haura kilo 200. Yau ga kwaikwayonsu duka a cikin abin da zan iya sa wa a aljihun jakar jita. In na tuna haka sai in rage ƙorafi a kan abin da ɗan fedal ɗina bai iya ba.

A cikin shidan, biyu nake rayuwa a kansu. Na farko Plate. Yawancin abin da nake kaɗawa irin salon jitar Agadas ne, mai saurin yatsu, inda sauti ke bin sauti ba hutu, sai kuma layukan hailaif in biki ya yi zafi. Irin wannan kiɗa ba ya son doguwar wutsiya, don kafin ta ƙare sauti biyar sun biyo baya, sai komai ya zama kunu. Plate yana ba ni sheƙi ba tare da ya rufe yatsuna ba. Ina ajiye tsawonsa ƙasa da rabi, yawansa wajen ƙarfe goma in an kwatanta da agogo, hasken kuma in ɗan mayar da shi baya don kada ya yi tsini a kunne. Da wannan saitin na koma wani bikin fili a Rayfield, kuma a karon farko na ji jitata ta tsaya da ƙafarta a waje. Mai gangarmu ya juyo ya ce, "Yaya, yau kam ka zo da ɗakinka." Maganar ta zauna mini, don daidai ta faɗi abin.

Na biyu Modulate. Wannan wutsiyarsa tana ɗan lilo, kamar ruwa a cikin kwano in an motsa shi. Lokacin shigowar amarya, sa'ad da ake son abu mai sanyi, ina ja masa tsawo in riƙa taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya. A ganina shi ne mafi kyan abin da ke cikin fedal ɗin, kuma shi kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Room yana da amfani in ina gwaji a gida da dare, a ƙaramin sauti. Hall ba laifi. Gate yana yanke wutsiyar farat ɗaya, na gwada shi sau biyu na bar shi, ba na kiɗana ba ne. Spring ne ban gamsu da shi ba. Na taɓa kaɗa tsohuwar amfilifaya mai sifirin na gaske a wani situdiyo, na san yadda yake ɗiga kamar ruwa daga indararo in ka daki tsirkiya da ƙarfi. Na fedal ɗin yana kwatantawa, amma kunne yana jin kwatance ne. Wanda sautin sifirin ne ya kawo shi kasuwa, ya gwada da kunnensa sosai kafin ya biya.

Ina da aboki a Tudun Wada da yake kaɗa wa cocinsu jita, yana da Boss RV-6 da ɗan'uwansa ya kawo masa daga waje. Ya ara mini na kwana uku, na jera su biyu a tsakar ɗaki ina taka wannan ina taka wancan. Gaskiya ɗaya ce, Boss ya fi. Wutsiyarsa ta fi tsawo, ta fi santsi wajen dusashewa, in ka buɗe shi sosai yana cika ɗaki ta yadda nawa ba ya iyawa. Yana da iri takwas, ciki har da Shimmer, wanda ke ɗora wani siririn sauti a sama kamar ana goga goge daga nesa, abin da masu kiɗan ibada suke so ƙwarai. Jikinsa ƙarfe ne. Amma da na mayar da su duka biyun kan saitin da nake aiki da shi a biki, na kira uwargida da ƙanena na ce su juya baya su faɗa mini wanne ne wanne, sai suka yi ta saɓani. A ƙaramin ribab, cikin ganga da fiyano da muryar mawaƙi, ratar da ke tsakaninsu tana tsukewa har ta kusa ɓacewa. Ratar kuɗinsu kuwa ninki uku ce zuwa huɗu.

Abokin nan nawa ma ya faɗa mini wani abu da ya dace a sani. Cocinsu doguwa ce, bangon siminti, daɓen tayil, rufin kwano. Ya ce ran Lahadi da ƙyar yake buɗe fedal ɗin, don ginin da kansa yana ba da ribab fiye da yadda ake buƙata. Haka yawancin ɗakunan taronmu suke. Wanda a irin wannan wuri kaɗai yake wasa, ya tsaya ya tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin ya saurara. Mai yiwuwa abin da zai je saya yana nan a bango.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta fi komai muhimmanci a wajena, kuma babu mai talla da zai tsaya ya yi maka ita. Bayan fedal ɗina na farko ya mutu na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, kawo mini abin da kake ba shi wuta da shi." Na miƙa masa adaftar. Ya sa tabarau ya karanta bayanta ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, ai bakinta ya shiga daidai."

Ya ce, "Shiga daban, dacewa daban."

Ashe wata adafta ce mai canja lamba da na saya a bakin titi, wutarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ita ce ma take kawo rabin ƙarar da nake ji. Ya zaunar da ni ya koya mini abin da zan duba. Yawancin fedal ɗin jita bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayar shi ne nagatif. Akwai ɗan zane a bayan kowace adafta da ke nuna haka, alamar ragi tana nuni zuwa ɗigon tsakiya. Adaftocin da suka cika gidajenmu, na dikoda da na'urar intanet, yawanci bolt 12 ne kuma tsakiyarsu fositif, wato kishiyar abin da ake so, ga shi bakinsu yana shiga ramin fedal lafiya lau. Sannan kayan hannu da aka kawo daga Amurka, wani lokaci adaftarsu ta bolt 120 ce kawai, mu kuwa wutarmu 230 ce. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona ta.

Saboda haka da na sayi DR600 sai na sayi adafta ta fedal ta gaske tare da shi, ban ji ƙyashin kuɗinta ba. Shiru yake kamar ba a kunna shi ba. Na kuma lura cewa in na haɗa shi a waya ɗaya mai rassa da fedal ɗina na ƙara kaushi, wani siririn kuka yana shigowa, in na ba shi tasa adaftar shi kaɗai sai kukan ya tafi. A wajen biki, inda janareta ke hawa da sauka, ba na jona shi kai tsaye, ta sitabilaizar mai sauti nake bi. Yana karɓar batir mai bolt 9, amma irin wannan fedal mai lissafi yana shan wuta fiye da na kaushi nesa ba kusa ba, batir ba ya daɗewa. Ina ajiye ɗaya a jaka don ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa. In batir na ciki, a zare wayar jita daga ramin shiga bayan an gama, in ba haka ba zai kwana yana ci.

Jikinsa roba ne, kowa ya san haka, ta nan aka rage kuɗin. Wata takwas ke nan bai tsage ba, bai saki ba, amma ni ma ban gwada ƙarfinsa ba. Na kai wa kafinta guntun katako ya yanka mini daidai faɗin fedal uku, na manne su a kai, wayoyin da ke tsakaninsu ba na cire su, don ramukan nan su ne suka fi saurin gajiya a kowane fedal in ana yawan sa wa da zarewa. Ina taka shi da tafin ƙafa a hankali, ba da dunduniya ba. Mai wasa yana tsalle a kan dandamali, ko ƙungiyar da kayanta ke yawo hannu zuwa hannu, gara su ƙara kuɗi su nemi mai jikin ƙarfe. Skysurfer na TC Electronic yana nan a wannan layin, iri uku ne kawai a jikinsa, sifirin da faranti da babban ɗaki, kuma bai kai kuɗin Boss ba. In kuma aka yi sa'ar samun Boss na hannu mai lafiya, wanda aka gwada a gabanka, wannan ma hanya ce mai kyau.

Ƙurar hunturu ita ce ɗayar abokiyar gaba. Tana shiga ƙarƙashin maɓallai, sai ka ji ƙarar-ƙarar in kana murɗawa. Tsohuwar hular sanyi nake rufe allon da ita da zarar mun tashi, a gida kuma cikin jaka yake kwana. A jerin fedal, shi nake sa wa a ƙarshe, bayan na kaushi, daf da amfilifaya. Na taɓa gwada shi a gaba don in ji, kaushin ya kama wutsiyar ya dagula ta.

Wanda yake son sauti mai faɗi kamar gajimare, mai wutsiyar da za ta yi ta tafiya bayan ya ɗaga hannu, wannan fedal ba zai kai shi can ba, ya ci gaba da tari. Wanda kuwa yake kamar ni, mai amfilifaya busasshiya, mai wasa a fili da ƙarƙashin rumfa, wanda abin da yake nema shi ne jitarsa ta daina mutuwa a bakin lasifika, ina ba shi shawarar DR600 da zuciya ɗaya, da sharaɗin ya je da jitarsa ya gwada, kuma ya sa kuɗin adafta a cikin lissafi tun daga gida.

Ranar Asabar mai zuwa muna da kamu a Dadin Kowa, a tsakar gida za a yi. Na riga na sa ɗan farin fenti a jikin maɓallan, daidai inda nake tsayar da su, don in magariba ta yi ba sai na sunkuya ina lalube ba.